Jitar falo mai sauƙin kuɗi: Jim Dandy ko CP-60S, a garin da hunturu ke tsaga katako

Ƙanena, ka ce ɗakinka a Ƙofar Marusa ƙarami ne, kuɗin da ka tara ba su da yawa, kuma babbar jitar da abokinka ya ara maka ba ka yin minti ashirin da ita sai kafaɗa ta fara ciwo. Kana son 'yar ƙarama, irin wadda ake kira jitar falo, ka tsaya tsakanin guda biyu: Gretsch Jim Dandy da Fender CP-60S. Wani kuma ya ce maka ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin Yamaha CSF1M. Duka ukun na kaɗa su, ga abin da na gani.

Da farko, ka yi daidai da ka nufi ƙarama. Sunan nata daga falon nan ne da muka sani. A ƙarshen ƙarni na 19, kafin rediyo ta shiga gidaje, mutanen Amurka da Turai kan zauna a falo a kaɗa wa baƙi, kuma jitar wancan zamani ƙarama ce, mai siririn ƙugu. Manyan daga baya suka zo, da aka fara neman sautin da zai cika zauren taro. Kamfanin Martin ya ƙera irin babbar nan mai faɗin ciki a 1916, aka sa mata sunan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila saboda girmanta. Ina kyautata zaton irinta ce aka ara maka. An yi ta ne don dandali, kai kuwa a bakin katifa za ka zauna.

Abin da ya fi shafar yatsunka shi ne tsawon tsirkiya, daga saman wuya zuwa jakin da take hawa a kai. Manyan jitoci sukan kai inci 25 da rabi. Jim Dandy inci 24 ce, CP-60S kuma 24 da kashi uku cikin huɗu. Gajeriyar tsirkiya ba ta buƙatar a ɗaure ta tamau kafin ta kai muryar da ake so, saboda haka ta fi laushi in ka danna, kuma ƙarafan wuya, wato firet, sun fi kusa da juna. A nan Jim Dandy ta ɗan fi daɗi ga mai koyo wanda kan yatsunsa bai yi kanta ba tukuna.

Akwai kuma inda wuya ya haɗu da jiki. Na Jim Dandy a firet na 12 yake shiga, yadda ake yi tun da can. Na CP-60S a na 14. Wannan ya sa Jim Dandy ta fi dunƙulewa, hannun hagu ba ya miƙewa nesa. Amma in kana sha'awar irin kiɗan Buzayen Agadez, inda yatsu ke hawa can sama suna zagaye a kan siraran tsirkiyoyi, firet biyun nan da CP-60S ta ƙara maka za su yi amfani.

Murya kuwa ba ɗaya ba ce ko kaɗan. Jim Dandy muryarta busasshiya ce, tana fita da sauri ta mutu da sauri, ba ta da gurnani a ƙasa. Duk lokacin da na tsinke ta da yatsa sai ta tuna mini da gurmi. Wasu suna raina wannan sauti, su ce kamar ana kaɗa akwati. Ni ina sonsa, musamman in mutum zai rera waƙa a kai, domin ba ya danne muryar mai waƙa. CP-60S ta fi tsabta da zaƙi, sautinta yana daɗewa a iska, in ka share duka tsirkiyoyi shida kana jin kowace daban. In aka rufe mini ido aka ce in zaɓa da kunne kawai, CP-60S zan ɗauka, ba gardama.

Dalilin wannan bambanci shi ne fuskar jitar, wato katakon gaba mai rami a tsakiya, wanda shi ne ke rawa ya ba da sauti kamar fatar ganga. Fuskar CP-60S gundarin katako ce na sifurus, wani farin icce na ƙasashen sanyi. Harafin S da ke ƙarshen sunan, gundarin katako yake nufi. Bayanta da gefenta kuma katako mai ninki ne na mahogani, dangin maɗacin nan namu. Jim Dandy kuwa gaba da baya duk mai ninki ce, siraran falle da aka manne da gam, kamar filawud ɗin kafinta amma mai kyau. Gundarin katako ya fi rawa, kuma muryarsa tana ƙara buɗewa da shekaru. Shi ya sa duk bidiyon da za ka kalla a YouTube za ka ji suna cewa ka nemi mai gundarin fuska.

Sai dai masu bidiyon nan ba a Katsina suke zaune ba, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau.

Masu ƙera jita suna haɗa ta ne a ɗakin da danshin iskarsa yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma a haka take son ta zauna. Mu kuwa in hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20, kuma rani bai sake mu sai wajen Mayu ko Yuni. Ka san yadda ƙofar katako ke kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, in rani ya yi kuma ta saki har kana hango waje ta tsakanin falankai. To fuskar jita kaurinta bai wuce milimita 3 ba. In ta bushe tana so ta tsuke ta faɗinta, amma sandunan da aka manna mata a ciki da gefen jikin sun riƙe ta, ga kuma tsirkiyoyi suna jan ta da nauyin da ya kai kusan kilo 70. Wadda ba ta samu inda za ta tsuke ba sai ta tsage. Mai ninki kuwa, an gitta fallayenta ne, wannan ya nufi tsaye wancan ya nufi kwance, kowane yana riƙe ɗan'uwansa, shi ya sa da wuya ka ga ta fashe.

Ni na gani da idona. Jitata ta farko mai gundarin fuska, wadda na yi wata bakwai ina tara kuɗinta, na rataye ta a bango don in riƙa ganinta. Wata safiya a watan Janairu na tashi na iske tsaga daga ƙasan jaki har bakin gindi. An like mini ita, amma muryarta ba ta koma yadda take ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin da wani ya gaya mini abin da nake gaya maka yanzu, da tana nan lafiya.

Ba wai gundarin fuska ba ta rayuwa a nan ba ne. Tana yi, in an kula da ita. Ka samu jaka mai kauri da ke zugewa ruf, ko akwati. Ka ɗauki robar sabulu mai murfi, ka huda murfin da ƙusa, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ciki, ka ajiye a jakar kusa da wuya. Da hunturu duk kwana biyu ko uku ka duba, in ya bushe ka sake jiƙawa. In ka gama kiɗa ka mayar da ita jaka ka zuge. Da ruwan sama ya zauna ka cire soson, kada watan Agusta ya sa ta kumbura ta yi fumfuna. Kuma kowace iri ce, kada ka bar ta cikin mota a rufe da zafin Afrilu, gam ɗin yakan yi laushi jaki ya ɗaga. Ita ma Jim Dandy ba ta tsira gaba ɗaya ba: katakon saman wuyanta yana tsukewa, sai ka ji bakin ƙarafan firet suna kartar tafin hannu. Wannan ƙaramin gyara ne, da ɗan magagari ake goge shi.

Batun kuɗi, su biyun kusan kai ɗaya suke a can inda ake sayar da su, wajen dala 200, CP-60S ta ɗan ɗara. Ka lissafa da canjin ranar da za ka saya, ka ƙara kuɗin kawowa, ka kuma ware na jaka domin yawanci ba sa zuwa da ita. Yamaha CSF1M ta kai ninki biyu. Gaskiya ta fi su aiki mai kyau: tsirkiyarta santimita 60 ce, fuskarta gundari, tana zuwa da jakarta mai tauri, kuma an sa mata 'yar na'urar ɗaukar sauti da ba ta cin batir, wadda za ka jona da lasifika. Amma wannan na mai zuwa wurin biki ko situdiyo ne. Kai da ke koyo a ɗaki, kada ka ƙara wata shida kana jira ba jita a hannu.

To wacce? In da ni ne kai, da ɗaki ɗaya, da abokai masu shigowa su ɗauka su kaɗa su jingina da bango, Jim Dandy zan saya. Za ta jure ƙura da bushewa da hannun jama'a, kuma tana da laushin da zai sa ka riƙa ɗaukarta kullum. In kuwa ka san halinka, kai mai killace kaya ne, ba za ka manta da soso ba, to ka sayi CP-60S, za ta biya ka da murya. Ka lura, yanzu Gretsch suna sa sunan Jim Dandy a kan wasu manya ma, saboda haka ka jaddada wa mai kawo maka cewa ta falo kake so, mai inci 24.

Samun su a cikin Katsina sai an dace. Yawanci sai shagunan kayan kiɗa na Sabon Garin Kano, ko a yi maka oda daga kasuwar Alaba a Legas. Kuma ana manna sunayen manyan kamfanoni a kan jabu, don haka ka leƙa cikin ramin ka ga takarda da lambar jitar. In kana wurin, ka ɗaga ta ka hango wuyan daga sama kamar mai duba miƙewar sanda, kada ya zama ya murɗe. Ka haɗa katin ATM uku, kaurinsu wajen milimita 2 da 'yan kai ne, ka zura tsakanin tsirkiya mafi kauri da firet na 12. In sun shiga da ɗan gogawa to daidai ne, in kuwa akwai sarari da yawa a sama za ta cinye maka yatsu. Ka tura bakin takarda ƙarƙashin jaki ta baya, in ta shige to ya fara ɗagawa, ka ajiye. Ka danna kowace tsirkiya a kowane firet ka saurara, kada ya zama tana zuza.

Kafin ka baro shagon ka sayi fakiti biyu na tsirkiya masu laushi, waɗanda siririyarsu ke da lamba 10 ko 11, domin in ɗaya ta tsinke maka a nan sai ka jira mai zuwa Kano. In ta iso ka kawo ta gida bayan la'asar, in duba maka tsayin tsirkiyoyin mu saita ta tare.