Mai gyaran gas da ya ƙi mayar mana da hita cikin banɗaki

Masu gyaran murhun gas sun yi yawa a garin Sakkwato, amma wanda ya san hitar ruwa ta gas sai an tona. Da yawansu in suka ga ba ta kama wuta, sai su ce a sayi sabuwa. Wanda ya yi mana aiki a farkon hunturun bana, mai ɗan shago ta wajen Mabera, na ga ya san abin da yake taɓawa, shi ya sa nake son in ba da labarin aikinsa, har da inda ya gaza.

Hitar tamu irin mai rataya a bango ce, wadda ba ta ajiye ruwa. Kana buɗe famfo ta kunna kanta, ruwa ya bi ta cikin bututun jan ƙarfe ya fito da zafinsa. Saboda Inna, mahaifiyar maigida, aka saye ta. Ƙafafunta ba sa son sanyi, kuma duk wanda ya san asubahin Disamba da Janairu a nan ya san alwala da ruwan da ya kwana a tanki ba ƙaramar wahala ba ce ga tsohuwa. Ta lantarki kuwa, yadda wutarmu take, sai dai ado. Tunda zafi ya shigo a watan Maris ba wanda ya sake waiwayar hitar tamu. Da iska ta juyo muka buɗe famfo, sai ƙas-ƙas-ƙas take yi, ta kama ta mutu. In ma ta daure ta ci, harshen wutar ɗorawa ne, ga baƙin hayaƙi yana shafa bango.

Da ya zo, bai fara da hitar ba. Taga ya buɗe, ya ce kada kowa ya taɓa makunnin fitila, sannan ya nemi ruwan sabulu a kofi da soso. Ya bi tiyo yana shafawa tun daga kan tukunyar gas har gindin hitar. A daidai mahaɗa sai ga kumfa tana tasowa tana fashewa. Ya kira ni ya nuna mini da yatsa, ya ce, "Hajiya, wanga tiyo ba na gas ba na, na ban ruwan lambu na." Kuma da waya aka ɗaure bakinsa, ba da kilif ba. Ya ce gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, shi ya sa mutum yana tsaye ba lallai ya ji shi da wuri ba. Warin ma da muke ji, ƙara masa shi ake yi da gangan don a gane yoyo.

Sai da ya rufe tukunyar sannan ya cire murfin hitar, kuma a nan na ga aiki. Batir biyu manya da ke tayar da tartsatsi sun zubo ruwa sun ci ƙarfen mazauninsu. Layukan da wuta ke fitowa sun cika da jar ƙura da yanar gizo-gizo. A maƙogwaron hayaƙi kuwa zanzaro ya yi gini, dunƙulen laka ya kusa toshe hanyar. Ya kwance ƴan ƙananan kawunan tagulla da gas ke fesowa ta cikinsu, ya wanke su, ya hura su da famfon keke. Yaronsa ya miƙo masa allura, ya ƙi karɓa. Ya ce in aka soka allura ramin zai faɗaɗa, gas ya fi iska yawa, wuta ta koma ɗorawa har abada. Wannan kaɗai ya sa hankalina ya kwanta da shi, don na sha ganin ana sokar kan murhu da tsinken allura a gabana.

Ta ɓangaren ruwa, ƴar rariyar da ke bakin shiga ta cika da yashi, robar da ƙarfin ruwa ke turawa don a buɗe gas ta bushe ta yi tauri. Ya sauya ta. Bututun jan ƙarfen kuma ya yi farin dasashi a ciki irin wanda ke kama gindin butar shayi, ya zagaya ruwan tsami a cikinsa har ya saki. Ya kuma ce tankinmu bai da tsayi sosai, in ruwa ya yi ƙasa ƙarfinsa ba zai isa ya tayar da ita ba, kada mu ɗauka lalacewa ce.

Rigimar ta taso ne wajen mayarwa. Wanda ya fara ɗaura mana ita a cikin banɗakin Inna ya sa ta, ba bututun hayaƙi, sai ƴar taga da muke toshewa da kwali in sanyi ya yi tsanani. Wannan malamin ya ce shi dai hannunsa ba zai mayar da ita nan ba. Maigida ya ce ai an daɗe ana amfani da ita a haka lafiya. Ya ce, "Alhaji, in nan kake son ta, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani." Bayaninsa shi ne wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mutum na iya sumewa a rufaffen ɗaki ba wanda ya sani. Jikina ya yi sanyi, don bara Inna ta sha cewa kanta na sarawa in ta fito wanka, muna ɗora wa hawan jini. Na sa baki, maigida ya yarda.

Yanzu tana bangon waje, ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, da bututun hayaƙi ya miƙe sama, ruwan zafin kaɗai ke shiga ciki. Tukunyar mai kilo 12.5 ya tsayar da ita a inuwa, ya ce kada a kwantar da ita, kada kuma a bar ta a ranar Afrilu da ke haura digiri 40, domin gas na kumbura da zafi, dalilin ma da ya sa ba a cika tukunya har wuya ke nan. Ya goge kafaɗarta ya nuna mini shekarar da aka ƙera ta, ya ce hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, wa'adin shekara 15 ta yanke wa tukunyar gas. Da ya kunna, wutar ta tashi shuɗiya a jere, ba hayaƙi.

Inda ya ɓata mini rai shi ne alƙawari. Ya ce bayan Azahar, muka yi ta zaman jira, sai washegari da hantsi ya ɓullo, wayarsa kuma ba ta shiga. Ba ya ba da rasit, ko na kayan da ya sayo. Ramukan da ya bari a bangon banɗaki bai liƙe su ba, ya ce aikin magini ne, sai da muka kira wani. Kuɗin aikinsa bai kai na cika tukunyar ba, wannan ban yi ƙorafi ba, amma regiletar da ya kawo, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunya don daidaita ƙarfin gas, da maigida ya tambaya a babbar kasuwa ya tarar ya ɗora riba mai kauri a kai. Wanda zai kira shi ya sa ya rubuta masa kayan da ake buƙata, tiyon gas mai kwanan wata a jikinsa, kilif biyu, regileta da batir, ya je ya sayo da kansa, kuma ya neme shi tun watan Nuwamba kafin layi ya yi masa yawa.