Kafintan unguwa ko kamfanin rufi?

Idan gini ya kai linta a Kaduna, ko dai ka kira kafintan unguwa, ko ka nufi kamfanin da ke yanka alminiyom.

Kafinta ya fi sauƙin kuɗi, kuma in ɗaki biyu ne ni ban ga dalilin wuce shi ba. Kai za ka shiga kasuwar Panteka ka sayo katako, ƙusa da kwano, bandir ɗaya falle 20, ka biya shi kuɗin aiki. Rufi ya yi yoyo, ka san ƙofar gidansa. Amma fa sai ka tsaya a kansa. Kana juya baya wani zai ware tazarar katako, ya rage ƙusa, ya ƙi ɗaure katakon da rodin gini. Irin wannan rufin iskar farkon damina take fara yayewa, wajen Afrilu da Mayu.

Kamfani kuwa aunawa yake yi, ya yanko dogon falle daga sama har baki, babu haɗi a tsakiya, don haka yoyo kaɗan ne. Akwai tsada. A rubuta kaurin fallen a takarda, kuma a auna ranar da aka sauke kaya, don akan biya kuɗin mai kaurin milimita 0.55 a kawo mai 0.45.