Jerin kalmomin Turanci ko ƙamus: wanne ya dace ka saya?

Mai son ƙara yawan kalmomin Turancin da ya sani, ko uban da ke nema wa ɗansa littafi, yakan tarar da kaya iri uku a shagon littattafai, kuma mai shago zai kira su duka da sunan ƙamus alhali aikinsu ya bambanta ƙwarai. Akwai littafin da ya jera kalmomi bisa tsawonsu da haruffan da suka yi tarayya a kai, akwai ƙamus na masu koyon Turanci, sannan akwai ƙamus na Turanci zuwa Hausa. Kafin ka ciro kuɗi daga aljihu, ya kamata ka san buƙatar da ta kawo ka.

Nau'i na farko an yi shi ne musamman domin masu wasan Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa a kan allo wanda Najeriya ta yi fice a kai, musamman tun da Wellington Jighere ya lashe gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015. A wannan wasa kowane ɗan wasa yana riƙe da haruffa 7, kuma wanda ya zuba su duka a lokaci guda yana samun ƙarin maki 50, shi ya sa masu wasan suke haddace kalmomi rukuni-rukuni: masu harafi biyu, masu uku, masu bakwai, masu ɗauke da Q ko Z waɗanda kowannensu ke da maki 10. Haruffan A, E, I, N, R, S da T kaɗai suna ba da RETAINS da NASTIER da RETINAS da STAINER, kuma littafi mai kyau zai tara su wuri ɗaya. Idan wasa ne ya kawo ka, to ka duba bango da kyau, domin jeri biyu ne suke yawo a kasuwa. Collins Scrabble Words shi ake amfani da shi a gasannin Najeriya da mafi yawan ƙasashe, kuma bugunsa na 2019 yana da kalmomi fiye da 279,000, daga ciki 127 masu harafi biyu. Na kamfanin Merriam-Webster kuwa an tsara shi ne domin masu wasa a Amurka da Kanada, kalmominsa ba su kai na Collins yawa ba, don haka wanda ya haddace shi kaɗai zai riƙa ƙalubalantar kalmomin da suke halal a gasar gida, ya kuma rasa waɗanda zai ci maki da su.

Sai dai irin wannan littafi ba ya koyar da Turanci, kuma nan ne iyaye da dama suke yin asarar kuɗi. Wasu bugun ba sa kawo ma'ana sam, waɗanda suke kawowa kuma layi ɗaya ne gajere, ba misali, ba lafazi, ba bayanin inda kalmar ta dace. Yaron da ya haddace QI da ZA da XU zai ci maki a kan allo, amma ba zai taɓa buƙatarsu a rubutun insha'i ba. Haka kuma tarayyar haruffa tana yaudarar mai koyo: cough da though da through da rough duk sun ƙare da haruffa huɗu iri ɗaya, amma kowace da nata furucin, kuma jerin da ya ajiye su kusa da juna ba tare da alamar lafazi ba, zai sa ɗalibi ya furta su duka iri ɗaya. Irin wannan tambaya ce ake yi a ɓangaren lafazi na jarrabawar WAEC da NECO.

Saboda haka, ɗalibin sakandare ko mai shirin JAMB, a ganina, ƙamus na masu koyo ya kamata ya fara mallaka. Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ya samo asali daga aikin A. S. Hornby kuma bugunsa na 10 ya fito a 2020, yana ba da lafazi da jimlolin misali da kalmomin da suke tafiya tare, yana kuma yi wa kalmomi 3,000 mafi muhimmanci alama domin a san inda za a fara. Longman Dictionary of Contemporary English yana bayyana ma'anoni da kalmomi masu sauƙi kimanin 2,000, abin da ke taimaka wa wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Tsakanin biyun babu wanda zai ba ka kunya. Ka buɗe kalma ɗaya a kowanne, ka ɗauki wanda bayaninsa ya fi shiga kanka.

Ƙamus na Turanci zuwa Hausa yana da amfani ga mai farawa da mai aikin fassara. Na Roxana Ma Newman ya fito a 1990, sannan a 2020 maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta Kano ta buga na Paul Newman da Roxana Ma Newman mai ɓangarori biyu, Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa. Yana da kyau a ajiye shi a gefen ƙamus na masu koyo, amma ba zai maye gurbinsa ba.

Ko wanne ka zaɓa, ka buɗe shi a gaban mai shago, domin bugun jabu ya yi yawa. Ka duba shekarar bugu, ka bi lambobin shafi a tsakiya ko akwai tsallake, ka ɗaga takarda ɗaya ka ga ko rubutun baya yana ɓullowa, ka kuma tabbata ƙananan alamomin lafazi suna karantuwa. Ga mai wasan Scrabble shekarar ta fi komai muhimmanci, tunda akan ƙara kalmomi ko a cire wasu a kowane sabon bugu. Idan kana da kwamfuta, manhajar Zyzzyva tana tsara kalmomi bisa tsawo da haruffa tana kuma yi maka gwaji, ta yadda kuɗin littafin jeri za su iya komawa kan ƙamus na asali.