Kalandar tarihi ta jikka biyu

Kalandar bango ce mai shafi ɗaya ga kowace rana, ana yagewa kullum. A wajen wani mai sayar da littattafan lakwal na saye ta nan Damagaram, jikka biyu bayan ciniki. Ƙarƙashin kwanan wata an jera abubuwan da suka faru a ranar da mutanen da aka haifa.

Shafin 3 ga Agusta na fara buɗewa, don da shi zan auna ta. Samun 'yancin Nijar a 1960 ne a sama, da sunan Diori Hamani. Madalla. Sai Kolumbus da ya tashi daga gaɓar Sifen a 1492, da Jamus ta ƙaddamar da yaƙi kan Faransa a 1914, yaƙin da aka kwashi kakanninmu aka kai. Ga Jesse Owens da ya ci tseren mita 100 a Berlin a 1936, Hitler na mulki. Cikin haihuwa akwai Habib Bourguiba, shugaban Tunisiya na farko, 1903. Wannan shafi kaɗai ya biya kuɗinsa.

Amma kash! Na duba ta kaf, babu Sarki Tanimun na Damagaram, babu faɗan Tirmini na 1899 tsakanin Damagaram da Faransawa, ba a ma ce Zinder, wato Damagaram, ce babban birnin ƙasa kafin a koma Yamai a 1926 ba. 'Yan fim na Amurka kuwa, tuli.

Takardar siririya ce, rubutun ƙanana, kuma babu lissafin watan Musulunci. Malamin lakwal zai more ta. Baabata dai ta ce in kawo mata mai nuna Azumi.