Gargaɗi ga masu injin yankan itace: hattara da masu tallar "kafireton ƙara ƙarfi"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar sare itace da tsaga katako, da iyayen gidanmu da ke sayen inji su ba yara su fita aiki. Wata damfara ta shigo cikinmu tana cin injinan mutane, kuma na ga shiru ba zai yi ba. Gyaran ƙananan injina ne sana'ata, abin da zan faɗa kuwa a kan teburin aikina na gan shi.

Kafireto shi ne ke gauraya fetur da iska ya tura wa inji. Wasu ne suka fito suna tallar abin da suke kira kafireto na musamman, haɗe da filtar iska "ta tsere". A Facebook da TikTok suke tallar, su ce a neme su ta WhatsApp, wasu kuma da jakarsu suke zuwa har inda masu inji ke taruwa. Suna cewa inji zai ƙara ƙarfi, zai rage shan mai, kuma an huta da wanke filta. Wai kayan Jamus ne, ba a samunsa a kasuwa sai a hannunsu. Ba zan kama suna ba, don ba mutum ɗaya ba ne, kuma yau su rufe shafi gobe su buɗe wani da sabon suna. Yadda suke aikin nake so ku gane.

Cinikin gaba ɗaya a kan gwaji guda ya rataya. Mai kayan zai ɗaura kafiretonsa, ya tada inji, ya danne totur har ƙarshe, sarƙa na ta gudu a iska. Sai injin ya saki wata ƙara siririya mai kaifi da ba ka taɓa jin ya yi ba, 'yan kallo su ce "kai, ya koma sabo!" Ku lura da kyau: ba ya yarda ya kafa sarƙar a gungumen kirya ko marke ya daɗe a ciki. In ma ya yanka wani abu, ɗan reshen darbejiya ne da ko adda za ta sare.

Wannan ƙarar da ake sayar muku, kukan inji ne da mai bai ishe shi ba. A jikin kafireto akwai sukuru uku: mai alamar L na ƙaramar wuta, mai alamar H na babbar wuta, sai na silo, wato gudun inji in ba a taɓa totur ba, wanda kamfanin Stihl ke rubuta LA, kamfanin Husqvarna kuma T. Idan aka ɗaure H zuwa dama, man da ke shiga ya ragu, iska ta rinjaye shi, gudun inji ya haura. Ba sai an sayi komai ba, kowane yaro mai sukundireba zai iya sa tsohon kafiretonka ya yi wannan ihun. Abin da mai tallar ba zai gaya maka ba shi ne, injin yankan itace ba shi da tankin baƙin man shafa cikin inji kamar mota. Man 2T da ka gauraya da fetur shi kaɗai ne ke shafa fistin da ringi da boris, kuma fetur ɗin kansa yana taimakawa wajen sanyaya ciki. Littafin Stihl ya ce 50:1 da mansu, wato mililita 100 a lita 5. Ɗan wannan ne fa rabon injin. Duk wanda ya rage masa fetur ya rage masa man shafawa da abin sanyaya a lokaci guda, sannan ya ƙara masa gudu. Injin Stihl samfurin MS 381 iyakar juyin da aka yarje masa 12,500 ne a minti, ma'ana fistin na hawa da sauka fiye da sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Ka ƙwace wa irin wannan fistin mai, me kake jira?

Don haka da suka ce zai rage shan mai, ba su yi ƙarya ba, zai rage. Ragewar ce ke kashe shi.

Inji mai lafiya, idan ka ba shi wuta ba tare da yana yanka ba, za ka ji muryarsa da ɗan kauri, tana ɗan karkarwa kamar yana gurnani. Da sarƙa ta shiga itace sai muryar ta washe, ta miƙe. Haka ake so. Wanda ya washe tun a iska yana ihu, to a cikin itace zafi zai yi, ƙarfinsa ya faɗi, ka ga mai aiki na danna shi da ƙarfin tsiya yana ƙara masa azaba.

An kawo mini irin waɗannan injinan, labarin masu su kusan iri ɗaya: yana cikin aiki ya mutu, da ya huce ya tashi da ƙyar, daga baya igiyar tada shi ta koma sakwa-sakwa, ko ta ƙi jawuwa sam. Abu na farko da nake yi shi ne in kwance salansa in haska tocila ta ramin hayaƙi. Fistin mai lafiya sumul yake, da ɗan danshin mai, ringi na motsi in ka taɓa shi. Waɗannan kuwa sai ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, alminiyon ya narke ya shafe kan ringi ya manne shi a raminsa, jikin a bushe ƙamas. Ka cire fulogi ka ga bakinsa fari fat, alhali launin ƙasa-ƙasa ya kamata ya yi. Mai injin na tsaye yana kallo, ya san fistin da silinda sun tafi, ga kwanakin aikin da zai rasa, ga uban gida na jiran kuɗin mako. Wallahi abin na ci mini rai, domin yawancinsu bashi suka ci suka sayi injin.

Filtar kuma ita ce ta biyu a ɓarna. Abin da suke ba ka soso ne mai manyan ƙofofi, ko raga da aka naɗe a roba aka fesa mata fenti ja. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, za ka ga haske na ratsowa ɗigo-ɗigo. Inda haske ya bi haka, ƙura ma za ta bi. Kamfanonin da kansu suna yin filta iri-iri: ta raga don wuri mai danshi da sanyi, mai kauri kamar bargo don wuri busasshe mai ƙura. Mu da ke aiki cikin hazon hunturu, ga garin busasshen itace, ta biyun ce tamu. Dalilin da ya sa tasu ba ta toshewa shi ne ba ta tare komai. Dattin da ya kamata ka wanke da yamma yana can cikin silinda yana cin ƙarfe. Ɓarnar ƙura a gefen shigar iska take bayyana, fistin ya dushe ya side, ita kuma ɓarnar ƙarancin mai a gefen salansa. Na ga fistin da ya haɗa duka biyun. Ƙari a kan haka, filta mai buɗaɗɗen jiki na ƙara yawan iska, sai ƙarancin man ya ninku.

Shi kansa kafireton, mafi yawa na jabu ne mai araha da aka goge aka sa a kwali mai kyau. Masu ƙera na gaske sanannu ne, Walbro da Zama da Tillotson, kuma sunansu da lambar samfuri a jikin ƙarfen suke, rubutu tsaf. Na jabu sau da yawa ba komai a jikinsa, ko rubutun ya yi dishi-dishi, ko sitika ce kawai da farce zai ɓare. Wani lokacin na wani inji ne dabam aka tilasta shi: ramukan gasket ba su hau daidai ba, iska na satar hanya ta gefe, ka saita shi yanzu an jima ya canja. Alamar haka ita ce silo ya ƙi zama, sarƙa na juyawa alhali ba ka taɓa totur ba. Wannan ya wuce asarar kuɗi, maganar ƙafa da hannu ce, musamman a tsohon injin Stihl 070 da ba shi da birkin sarƙa. Wasu masu tallar ma har gwamnan da ke hana 070 wuce gudunsa suke cirewa, su ce sun "buɗe" shi.

Kada kuma kalmar "Jamus" ta ruɗe ku, ko "Sin" ta tsorata ku. Stihl kamfanin Jamus ne, amma yana da masana'antu a Amurka da Brazil da Sin, kuma Zama nasa ne. Abin dubawa shi ne lambar kaya mai alƙaluma 11, wadda huɗun farko ke nuna dangin injin: 1106 na 070, 1119 na MS 381, 1122 na MS 660. Tambayi mai tallar lambar kayansa da injin da aka yi shi dominsa. Wanda ya ce maka kafiretonsa "yana hawa kowane inji", daga ɗan ƙaramin inji samfurin 5200 har 070 mai cc 105, ya riga ya ba ka amsa.

Inda abin ya zama zalunci tsagwaronsa shi ne musaya. Bayan ya ɗaura nasa, sai ya ce ka bar masa tsohon naka ya rage maka kuɗi, tunda ai ba ka da sauran amfani da shi. Wannan tsohon shi ne orijina, shi ne mai daraja, kuma sau da yawa abin da ke damunsa bai wuce datti ko fatar ciki da ta bushe ba, wadda ake canjawa da kuɗi kaɗan. Zai wanke shi ya sayar wa wani. Ranar da fistin ɗin injinka ya maƙale ka koma masa, laifin a kanka zai juye: man da ka haɗa ne ba kyau, fetur ɗin bumburutu ne, yaronka ne bai iya aiki ba. Daga nan ya ce yana da fistin da silinda, shi ma "na musamman". Masu yi ta waya kuwa tasu ta fi sauƙi: ka tura kuɗi, a ce an ba direba a tasha, ko kaya ya iso ba shi ne na hoto ba, ko kada ya iso sam, ka kira ka ji an toshe lambarka.

Ban ce ƙara wa inji ƙarfi ƙarya ba ne. Ana yi. A Amurka akwai masu faɗaɗa ramukan silinda da buɗe salansa, akwai ma gasar Timbersports da aka fara a 1985, inda ake amfani da injinan da aka ƙera don yanka uku cikin 'yan daƙiƙoƙi a ajiye. Wasu bidiyoyin da 'yan damfarar nan ke liƙawa daga irin wuraren can suka kwaso su. Amma masu wannan aikin na gaskiya, duk lokacin da suka ƙara wa inji iska sai sun ƙara masa mai, su auna juyinsa da na'ura, kuma sun san injin zai fi shan fetur. Ƙarin ƙarfi da ragin mai daga kafireto guda ba sa haɗuwa. Kai kuma da za ka wuni a daji daga safe zuwa la'asar, injin da zai kai ka ƙarshen kaka kake bukata.

In ka ji injinka ya yi sanyi, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wasa sarƙa, domin dakusasshiyar sarƙa ita ce ta fi sa a zargi inji. In gari take fitarwa maimakon ɓarzajjen itace, matsalar a nan take. Wanke filta, duba matacin da ke cikin tanki, duba tiyon mai ko ya tsage, kankare baƙin da ya toshe salansa. In dole sai an canja kafireto, saya a shagon da za ka iya komawa gobe, karɓi rasit, a gwada shi a gabanka cikin gungume mai kauri har inji ya ɗau zafi, kuma tsohon naka ya koma jakarka.

Wanda aka riga aka ɗaura wa irin wannan kafireto, ina roƙonka kada ka sake tada injin. Kai shi wurin makanikin da ka yarda da shi, a kwance salansa a duba fistin. In zanen bai yi zurfi ba, ana iya ceton silinda. Mayar da filtarka ta asali. In ta banki ka biya, ajiye shaidar turawa da hotunan hirarku da na tallar kafin ya goge shafin, ka sanar da bankinka da wuri, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ku kuma gaya wa shugabannin ƙungiyarku su sanar da yaran da ke daji, domin su ne ake tarewa, kuma da yawansu ba sa ganin rubutu irin wannan. In kuwa tsohon kafiretonka na hannun mutumin kuma ka san inda yake zama, ɗauki shaidu biyu ka je ka karɓo abinka yau, kafin ya sayar.