Gargaɗi Kan Masu Sayar da Tsohuwar Laftof da Sunan "Core i7"

Jama'a, a yi hattara da wani salon damfara da ya yi ƙamari a cinikin kwamfuta, musamman ga iyayen da ke nema wa yara laftof saboda jami'a ko shirin jarrabawar JAMB. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma irin kayan da ake ajiye mini a tebur kwanan nan sun sa yin shiru ya zama laifi.

Tallar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Hoto mai ƙyalli a Facebook ko TikTok ko sitatus na WhatsApp, an rubuta Core i7, RAM 16GB, ma'adana 1TB, 'yar Landan, kamar sabuwa. Farashin bai kai na kasuwa ba ko kusa. Da ka yi magana sai a ce saura guda biyu, wani ma yana hanya da kuɗinsa, ka turo kafin alƙalami a ajiye maka, gobe a ba direba a tasha. Wasu da kuɗin ya shiga shi ke nan, sun toshe lambarka. Waɗannan ɓarayi ne na fili, maganinsu kuma ɗaya ne: kada ka tura ko sisi kan kayan da hannunka bai taɓa ba.

Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu turo kayan da gaske. Kwali zai iso, kwamfuta za ta kunnu, ga sitika a jiki, mai saye har ya yi godiya ya kawo musu 'yan'uwansa. Sai an yi wata guda ana fama da nauyi da zafi da mutuwar batir kafin a gane an sha.

Duk damfarar a kan abu ɗaya ta tsaya: mutanenmu sun haddace cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, daga nan ba su ƙara tambaya ba. Alhali suna ne kawai na jerin firosesa, wato guntun da ke gudanar da duk lissafin kwamfuta, da kamfanin Intel ya shafe shekaru fiye da goma yana fitarwa, kowane zubi da janareshan ɗinsa. Kamar mutum ne ya ce zai sayar maka da Corolla bai faɗi shekararta ba; ta 2003 da ta 2020 duk sunansu ɗaya. Janareshan na 2 ya fito a 2011, na 4 a 2013, na 6 a 2015, na 8 a 2017. Lambar da ke bin sunan ita ke tona asiri. Idan ka ga i7-2620M, wannan 2 ta farko tana nufin janareshan na 2, kayan 2011 ke nan, kuma ƙwaƙwalwa biyu gare ta a ciki, wato sassan da ke raba aiki tsakaninsu. Ita kuwa i5-8250U janareshan na 8 ce, ƙwaƙwalwarta huɗu, ta fi waccan i7 ɗin sauri nesa ba kusa ba. Daga janareshan na 10 ana karanta lambobi biyu na farko, misali i5-1135G7 ta 11 ce. Duk mai sayarwar da ya ce maka "i7 ce" ya ƙi faɗin cikakkiyar lambar, akwai abin da yake ɓoyewa.

Wannan magana ta janareshan ta ƙara nauyi yanzu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida tana neman firosesar Intel daga janareshan na 8 zuwa sama, ban da 'yan kaɗan, tare da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sauke tsofaffin kwamfutocinsu, yawancinsu kuma kasuwanninmu suke nufa. Ana iya cusa wa tsohuwar kwamfuta Windows 11 ta bayan fage, 'yan damfara kuwa sun ƙware a kai. Don haka ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce cewa kwamfutar ta zamani ce.

Sitika ba a ma maganarta, ana sayar da ita a kasuwa a liƙa wa kowace kwamfuta. Abin da ya fi muni shi ne ana canja sunan firosesa a cikin Windows kanta, ta yadda idan ka shiga Settings ka duba About za ka ga abin da mai sayarwa yake so ka gani. Wata malamar firamare ta kawo mini tata, wadda ta saya wa ɗanta da kuɗin adashin da ta ɗauka. Ƙorafinta shi ne ko burauza aka buɗe sai ta tsaya cak. Ta ce, "Malam, ai da idona na ga an rubuta i7, har hotonta na ɗauka." Na ce, "Hajiya, zo ki tsaya nan ki gani." Na kashe ta, na kunna ina danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin da ke nuna ainihin kayan cikin kwamfuta kafin Windows ta tashi. Allon ya fito da rubutunsa ƙarara: Celeron, wato ƙaramar firosesar Intel mai araha, RAM 4GB. Da na kwance murfin ƙasa, RAM ɗin, wadda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinta, a manne take da allon uwa, wato babban allon da komai ke jone a kai, babu ramin ƙari, ma'adanar kuma eMMC ce mai 64GB, irin wadda ba a cirewa. Ƙura ta toshe hanyar iska kamar auduga. Matar nan ba ta ce komai ba, ta dai zauna ta riƙe jakarta. Lambar mai sayarwar tun ranar da kayan suka iso ba ta ƙara shiga ba.

Shiga BIOS ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Da ka danna maɓallin kunnawa, a Dell ka riƙa danna F2, a HP F10, a ThinkPad na Lenovo F1. Can za ka ga firosesa da RAM da lambar siriyal kafin Windows ta tashi. Ka gwada lambar da wadda ke rubuce a ƙasan kwamfutar, sannan ka sa ta a shafin kamfanin da wayarka. Dell da HP da Lenovo duk suna da wurin da ake duba samfurin da garantinsa. Idan lambobin sun saɓa, an sauya jiki ko allon uwa. Idan kuma BIOS ɗin ta nemi kalmar sirri mai shago ya ce bai sani ba, ajiye masa kayansa. Haka MacBook da ke ɗaure da iCloud ɗin wani, wato asusunsa na Apple, ko laftof da ke nuna sunan wani kamfani ko makaranta lokacin saita Windows. Irin waɗannan ko dai ba a sake su daga rajistar masu su ba, ko kuma na sata ne, ka saya ka jawo wa kanka zuwa ofishin 'yan sanda.

Batir shi ne wurin da aka fi cutar masu sayen laftof ta hannu, saboda a shago kullum tana jone da caja. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan an ƙera shi da 50,000 mWh yanzu yana ɗaukar 15,000, to "awa biyar" ɗin da aka rantse maka a kai ƙarya ce. Ka cire cajar ma, ka kunna bidiyo, ka zauna ka ga yadda yake sauka. Ma'adana kuwa, kada girman 1TB ya ruɗe ka. Tsohuwar HDD mai faifai da ke juyawa ba ta kama ƙafar SSD, ma'adanar zamani marar faifai, mai 256GB a sauri, kuma ita ce ke fara mutuwa da takardunka. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar ma'adana da yawan awannin da ta yi tana aiki. Ka sa ta a filashi ka tafi da ita kasuwa, tare da CPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin firosesa da RAM.

Bayan ka gama gwaji, kada kwamfutar ta bar idonka. "Kawo a sa maka a kwali, Alhaji" ko "bari yaro ya goge ta a ciki" nan ne ake zare RAM ɗaya, ko a sauya batir, ko a ba ka caja ta jabu. A rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan shago, cikakkiyar lambar firosesa, yawan RAM, lambar siriyal da kwanakin gwaji. Akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa a Farm Centre ta Kano da Banex ta Abuja da Computer Village ta Ikeja, kuma alamarsu ita ce ba sa jin haushi idan ka ce za ka shiga BIOS. Wasu ma su za su danna maka.

Akwai abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo neman shawara, ko da ba ya son ji. Da yawa daga waɗanda aka damfara ba laftof suke buƙata ba tun farko. Sha'awar a gan su da ita a jaka ce ta sa suka nemi babbar laftof da ƙaramin kuɗi, nan kuma ɗan damfara yake jira. Mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa, ofishin makaranta, kantin magani, yaran gida da ke koyon kwamfuta, duk waɗannan kwamfutar tebur ta fi musu. A kuɗi ɗaya ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma gefenta kawai za ka buɗe ka ga komai da idonka, shi ya sa ɓoye aibi a cikinta ke da wuya. Kibod ya lalace ka sayi wani, allo ya fashe ka jona talabijin. Matsalarta ita ce wuta: da an ɗauke ta mutu, aikin da ba ka ajiye ba ya tafi, don haka dole ka lissafa kuɗin UPS, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, ko inbata. Ƙananan nan irin OptiPlex Micro da EliteDesk Mini ba sa cin wuta sosai, ƙaramin sola yana ɗaukar su. Ɗalibin da ke yawo tsakanin aji da ɗakin kwana, ko wanda unguwarsu ke kwana biyu babu wuta, shi laftof ce tasa, sai dai ya nemi i5 daga janareshan na 8 da RAM 8GB da SSD, ya manta da i7 ɗin araha. A kwamfutar tebur ma ana yin tasu cutar: akwati mai fitilu kala-kala da sunan ta wasan gem, ciki kuwa kayan shekara goma sha. A buɗe a gabanka.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka ɗauki hoton tallar da hirarku da shaidar tura kuɗi kafin a goge. Ka je bankinka a ranar, ka shigar da ƙorafi a rubuce kan asusun da ka tura wa, domin jinkiri ne ke ba su damar kwashe kuɗin. Idan shago ne, ka fara da shugabannin kasuwar, sau da yawa suna tilasta a mayar da kuɗi ko a sauya kaya. Idan abin ya ƙi, akwai 'yan sanda, akwai EFCC, akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet. Kwamfutar kuma kada ka bari a kwance ta ko a sake mata Windows kafin a rubuta rahoto, domin sunan ƙaryar da aka sa a cikinta shi ne babbar shaidarka.