Lesin ɗin Turanci da na sa yarona a Unguwar Rogo ta Jos, abin da na gani cikin wata bakwai

Mata da yawa sun yi ta tambayata a gidan biki da wajen ɗauko yara wai ina na kai yarona lesin har ya fara ɗaukar littafi da kansa, to bari na rubuta gaba ɗaya yau, mai daɗin da mara daɗin. Sunan yaron dai ba zan faɗa ba, ɗan fari ne kun san al'ada, kuma wajen ma ba shi da wani allon suna a ƙofa, shago ne aka gyara a cikin layi idan ka bar titin Bauchi ka shiga Unguwar Rogo, kowa a wajen lesin Malama kawai yake ce masa.

Abin da ya ruɗe ni shekara da shekaru shi ne bakin yaron. Duk wanda ya taso a Jos ya san yaranmu suna jin Turanci tun a titi, a wajen ƙwallo, a cikin keke, a kasuwar Taminus, maƙwabta kowane yare akwai, to Turanci da buroka da Hausa duk a haɗe suke tashi da su. Idan muka je Kano hutu 'yan uwa har cewa suke kai ɗan Jos akwai Turanci, ni kuma ina jin daɗi. Sai da ya shiga JS2 sakamakon zangon farko ya fito na ga 38 a Turanci, kuma sauran darussan ma duk sun yi ƙasa, har Kimiyya da yake so. Babansu ya ce wasa ne ya yi masa yawa a karɓe ƙwallon. Ni dai hankalina bai kwanta ba saboda yaron yana zama da littafi, ina ganinsa da idona.

Ranar farko da muka je Malama ba ta tambaye ni kuɗi ba, ba ta ma karɓi katin sakamakon da na miƙa mata ba. Ta ce Hajiya zauna tukuna. Ta ɗauko wani ɗan labari shafi ɗaya ta ce ya karanta da ƙarfi. Ya sa yatsa a layi ya fara, kalmomin yana furta su yawanci daidai, amma a guje, babu tsayawa a aya babu numfashi a waƙafi, da ya iso kalmar island ya ce is-land, da ya haɗu da doguwar kalma sai ya haɗiye tsakiyarta ya wuce. Ya gama ya ɗago kai yana jiran a yaba. Sai ta rufe takardar ta tambaye shi da Hausa, a hankali, wa ya shiga kwalekwalen, kuma me ya sa ya dawo? Shiru. Ta sake tambaya. Ya kalle ni, ya kalli ƙasa. Wallahi a wajen nan sai da na ji ƙwalla ta taru min, saboda shekara bakwai ina biyan kuɗin makaranta ashe yarona kiran kalmomi yake yi, ba karatu ba. Malama ta ce kar ki damu Hajiya, irinsa sun fi yawa a nan, baki ya riga ido ne, za mu jawo idon ya kamo.

Yadda suke yi, sau uku a sati ne, Litinin da Laraba da yamma daga 4 zuwa 6, sai Asabar da safe. Minti 20 na farko kullum karatu da ƙarfi ne, ita take fara karanta sakin layi su ji yadda muryarta take hawa da sauka, sannan kowa ya karanta nasa, kuma ba a wucewa sai yaro ya faɗi da bakinsa abin da ya faru. Ta yarda ya fara faɗa da Hausa sannan ya juya shi Turanci. Wannan ya ba ni mamaki saboda a makarantar su idan aka kama ka kana Hausa tara ake cin ka. Na tambaye ta, ta ce yaron da ya gane labari da Hausa ya gane, saura a ba shi kalmomin, amma wanda aka hana shi Hausar shiru kawai zai yi kuma ba za ka taɓa sanin ya gane ko bai gane ba. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari yanzu.

Ta kuma yi min bayanin da ban taɓa ji daga wani malami ba. Hausar boko yadda ka faɗa haka za ka rubuta, amma Turanci haruffa 26 ne suke ɗaukar sauti kusan 44, shi ya sa harafi ɗaya yake canza murya daga kalma zuwa kalma, wani kuma a rubuta shi amma ba a furta shi, kamar k ɗin da ke gaban knife. Yaron da ba a zaunar da shi an nuna masa wannan ba a firamare, haddar siffar kalma yake yi, idan ya ga baƙuwa sai ya yi canki. Shi ya sa wata ɗaya cur ta mayar da shi kan haɗa sautuka, abin da yake ganin na 'yan aji ɗaya ne, har ya yi fushi ya ce ba zai koma ba. Na ce za ka koma. Akwai ranar da na zo ɗaukarsa da wuri na tarar kowa riƙe da 'yar takarda a gaban baki suna cewa pan, fan, pull, full, idan p ce takardar ta motsa da ƙarfi saboda iskar da ke fashewa daga leɓe, idan f ce sai haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Mu Hausawa kun san nan ne muke faɗuwa, harafin f ɗaya muke da shi yana yi mana aikin duka biyun. Yaran suna ta dariya amma sun kama.

Abin da ya fi burge ni a wajen gaba ɗaya shi ne littafin kalmomi. Ba wani abu ba ne, littafin rubutu ne mai warƙa 40 aka yanka shi biyu don ya shiga aljihu. Ba ta ba su jerin kalmomi 20 su haddace kamar yadda aka yi mana, su ne suke farauto kalmar, biyar a sati, daga karatu ko allon talla ko kwalin magani ko labaran rediyo. Kowace kalma shafinta guda: a ina ka gamu da ita, me take nufi, Hausarta idan akwai, sannan jimla taka ta kanka, kuma doka ce jimlar ta zama a kan abin da ka sani. Na buɗe nasa na ga kalmar scarce, a ƙasa ya rubuta da Turancinsa cewa ruwan famfo yana wuya a layinmu a watan Maris. Na ce to wannan kalmar ta zauna kenan, ba za ta fita ba. Sannan tana koya musu dangin kalma, daga care a samu careful da careless da carelessness, a nuna musu cewa un da dis a farkon kalma yawanci juya ta suke yi, to yaro ya koyi ɗaya ya tafi gida da huɗu. Kamus akwai guda uku a ajin, amma ba a buɗewa sai an fara gwada gano ma'anar daga jimlar da ke kewaye, a yi hasashe tukuna sannan a duba a ga wa ya dace. Yanzu ko a mota muke sai ya zaro littafin nan, har ƙanwarsa 'yar aji huɗu ta sa na yanka mata nata.

Rubutu kuma shi ya fi ɗaukar lokaci, kuma nan ne zan ce a yi haƙuri da ita, don ni ma na ƙosa a farko. Insha'insa na farko wasiƙa ce zuwa ga kawunsa, a ba shi labarin kasuwa. Layi biyar ya yi, duk a jimla ɗaya, and and and har ƙarshe. Na zaci za ta cika takardar da jan biro. Abu biyu kawai ta zagaye, rashin aya da kuma yadda yake fara labari da abin da ya wuce sai ya tsallako yanzu a tsakiya, went a nan go a can. Sauran kurakuran ta bar su, na ƙirga da kaina sun fi goma. Na ce Malama ba ki ga waɗannan ba? Ta ce na gani Hajiya, amma idan na zagaye duka babu wanda zai gyara, ninke takardar zai yi ya jefa a jaka. Sai ta ba shi aiki ya raka ni kasuwar Farin Gada ranar cefane ya dawo da abu biyar da ya gani, biyu da ya ji da kunne, ɗaya da ya shaƙa. Muka je, yana tsaye yana kallon masu loda kwandunan tumatir a mota, kabeji jibge kamar tudu, karas da jar ƙasa a jikinsa, masu dako suna a ba da hanya a ba da hanya. Wasiƙar nan sau uku ya sake ta. Ta ukun ta cika shafi, sakin layi uku, adireshi da kwanan wata a inda ya kamata, har ya rubuta warin ganyen kabejin da ya ruɓe a bakin kwata. Na ɗauki hotonta na tura wa kawun nasa ta WhatsApp, ya kira yana tambaya wai da gaske shi ya rubuta.

Shifta suna yi duk Asabar, gajera, jimla biyar, su musanya littafi su duba wa juna.

To yanzu inda ban ji daɗi ba, kuma na faɗa mata baki da baki kafin na rubuta. Ɗakin ya yi kaɗan. Da muka fara yara 14 ne, yanzu sun kai 23 a benci huɗu, kuma karatu da ƙarfi idan yara sun yi yawa ba kowa layi yake zagayowa kansa ba, akwai ranakun da yarona ya dawo ya ce yau ban karanta ba. Ta ɗauki wani matashi yana taimaka mata, yana da kirki amma hannunsa bai kai nata ba, shi mai saurin faɗa wa yaro amsa ne maimakon ya jira shi ya lalubo, kuma ranar da ba ta nan ana gane bambanci. Taga ɗaya gilashinta a fashe, kun san sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, Asabar da safe yara suna rubutu hannu na rawa, kwali aka toshe da shi har hunturu ya wuce. Banɗaki sai an shiga gidan maƙwabta, wanda ga 'yan mata masu tasowa bai dace ba sam. Littattafan labari ba su da yawa, mafi yawa hoto ne aka buga a takarda kuma wasu sun dushe, yaron da ya fara son karatu cikin wata uku zai cinye su duka, ni sai da na shiga wajen masu tsofaffin littattafai a Taminus na ƙaro masa.

Kuɗi naira dubu 8 muka fara biya a wata, bayan sabuwar shekara ya koma dubu 10, kuma ba a sanar da mu da wuri ba, a bakin ƙofa na ji. Na san komai ya yi tsada, ban ce kar ta ƙara ba, amma a faɗa wa iyaye tun wata guda kafin nan, mai yara biyu ko uku a wajen sai ya yi lissafi. Rasit ma ba a bayarwa, a littafi take rubutawa. Lokacin kuma yana karo da Islamiyya, mu sai da na je na roƙi malaminsu ya mayar da shi ajin dare a ranakun biyu, kuma tashi ƙarfe 6 idan an ɗan ja sai magariba ta same su a hanya, don haka ni nake zuwa ɗaukarsa ko na tura yayana.

Wani abu da ya kamata iyayen 'yan JS3 su sani, ita ba mai bin tsofaffin tambayoyin jarrabawa ba ce. Idan abin da kike so a ɗura wa yaro amsoshin BECE, wato jarrabawar gama JS3, cikin wata biyu ne, ko ta NECO ko ta jiha, ba nan za ki kawo shi ba, sai zangon ƙarshe take taɓa su kuma sama-sama. Ɓangaren adabi ma, littattafan da makaranta ta ce a karanta, ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Ni hakan bai dame ni ba saboda nawa yana JS2 kuma matsalarsa daga tushe take, kuma ina tuna cewa gaba akwai WAEC da JAMB, inda babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci ko me yaro zai karanta, kuma auna fahimta da taƙaitawa da insha'i ba a haddace su. Amma wata maƙwabciyata ta cire 'yarta saboda wannan, kuma na fahimce ta.

Sakamakon zango na biyu ya samu 51, na uku 63. Kimiyya ma ta tashi ba tare da an yi masa lesin ɗinta ba, da na tambaye shi ya ce da can tambayar ce ba ya ganewa. Har yanzu yana rikita their da there, rubutun hannunsa kuma sai a hankali, wannan Malama ta ce ba ta da lokacinsa, ni nake zaunar da shi bayan isha'i.

Idan za ki kai naki, ki je da kanki ranar farko ki zauna ki ji karatunsa, kar ki tura shi da kuɗi kawai. Ki tambayi yara nawa ne a ajin yanzu, ki nemi ranakun da ita Malamar take koyarwa da kanta, ki sa masa rigar sanyi ranar Asabar. Mu dai mun biya na wata mai zuwa, kuma na ce mata idan yaran suka wuce 25 ba ta raba ajin biyu ba zan dawo mu sake magana, ta ce in sha Allahu bayan hutu za ta raba.